Injiniya Munzali da Albasar da Ba Ta Son Ruwa

Shekara ashirin da shida ke nan ina auren Injiniya Munzali, kuma in aka ce in faɗi halinsa a taƙaice, cewa zan yi mutum ne da ba ya iya ganin busasshiyar ƙasa ya wuce. Ko gidan mutane muka je ziyara ya hango tukunyar fure a bakin ƙofa, sai ya duƙa ya tsoma yatsa. In ya ji ta bushe, gaisuwa ta ƙare ke nan, sai ya hau neman kofi. Na sha kunya a kan wannan har na saba.

Ɗan Kura ne, ɗan manomin albasa, a cikin fangali ya tashi. Fangali shi ne ɗan filin da masu noman rani suke ɗaga wa gefe, tsakiyarsa ta yi ƙasa, don in an sako ruwa ya kwanta. Ya yi karatu, ya zama injiniyan ruwa, ya zo Amurka, har yau aikinsa ke nan, bututu da magudana. Ni kuwa Sadiyya nas ce, awa goma sha biyu nake yi a tsaye a asibiti. In na dawo gidanmu na Upper Marlboro ba abin da nake so illa in ɗora ƙafa a kan kujera. Lambu bai dame ni ba. Shi kuwa bayan gidan nan ya mai da shi Kura, ga tumatir, ga attaruhu, ga kuɓewa da yakuwa. Kuma suna yi, wannan kam ba zan hana shi ba. Duk Bahaushen da ke tsakanin nan da Springfield ya ci yakuwar Injiniya. Ita ce ma ta kumbura masa kai, yake ganin duk abin da aka binne a ƙasa shi ne malaminsa.

Muna da maƙwabciya, Mama Olive, baƙar Ba'amurkiya ce, tsohuwar malamar makaranta. Lokacin da na haifi Tayyiba, 'yarmu ta fari, tsakiyar sanyi ne, ba uwa ba gwaggo a kusa. Matar nan ta shigo da kwanon miya ta tarar da ni ina kuka, don ba mai tsaya min a kan wankan jego. Ta tambaya, na yi mata bayani da guntun Turancina na lokacin. Ta ce ita fa ba ta gane amfaninsa ba. Amma kwana arba'in cur tana shigowa da safe ta dafa min ruwa, ta riƙe jaririya har in fito. Tun daga nan uwa muka ɗauke ta, ni da Injiniya.

A ƙarƙashin tagar ɗakinta akwai wasu furanni da marigayi mijinta Gregory ya shuka tun shekarar da suka tare a gidan. Ayiris ake ce musu. Gajeru ne, ba su wuce tsayin tafin hannu ba, shuɗi shar kamar an tsoma su a baba, da ɗan zane ruwan ɗorawa a leɓen kowanne. Ƙarshen Fabrairu suke fitowa, lokacin da komai yake a mace, wani lokaci ma ta cikin dusar ƙanƙara suke leƙowa. Sati biyu su yi, su tafi. In sun fito Mama Olive takan jawo kujera bakin taga ta zauna, ko waya ba ta ɗauka.

Shekara huɗu da suka wuce ƙafa ta gagare ta, ta sayar da gidan, za ta koma gidan kula da tsofaffi a Wheaton. Wanda ya saya zai shimfiɗa siminti a wurin don ajiye mota. Sai ta sa aka tone mata ƙwayoyin furen, ta dogaro sanda har falonmu da su a jakar takarda. Guda arba'in ne, ƙanana kamar ɗan yatsa, bawonsu kamar raga.

Ta ce da Injiniya, da Turancinta na malaman makaranta: "Munzali, wannan shi ne abin da ya rage min na Gregory. Kai ne mai hannun shuka a layin nan. Ka saurare ni. Yanzu za ka binne su, a Oktoba, kafin sanyi ya shigo. Cikin yashi da tsakuwa, inda ruwa ba ya kwanciya. In ganyensu ya bushe da zafi, barci suke yi, kada ka ba su ruwa ko ɗigo. Ranar da suka yi fure ka kawo min in gani."

Ya ce, "To, Mama." Har da rusunawa.

Na san wannan "to" ɗin. Tana fita ya zazzage jakar a kan tebur, ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya shinshina, ya yi murmushi.

"Sadiyya, ai albasa ce."

Na ce, "Abban Tayyiba, ba albasa ba ce. Ka dai ji abin da matar nan ta ce."

"Na ji. Amma wane mai hankali ne zai binne iri ƙanƙara na tafe? Kashe su za a yi. Turawa ba su san tausayin shuka ba."

Wallahi haka ya ce. Ya naɗe su a tsohon bargon Tayyiba, ya kai su ɗakin ƙarƙashin gida ya ajiye kusa da hita, don kada sanyi ya taɓa su. Abin da sai ya sha sanyi yake fure, shi aka lulluɓe da bargo! Ya jira har Afrilu, aka yi ruwan sama mai ɗumi, ya ce yauwa, yanzu shuka ta yi. Da ya warware bargon, kusan rabi sun motse sun zama ƙaiƙayi. Ashirin da biyu suka rage. Ya yi musu fangali mai kyau, irin na Kura, a cikin jar lakar Maryland da ko ba ka zuba mata ruwa ba riƙe shi take yi. Ya zuba taki. Suka fito da ganye siriri, ya kira ni in zo in ga lawashi. Fure kam ko ɗaya.

Da zafi ya shigo ganyen ya yi rawaya ya kwanta, kamar yadda aka gaya masa zai yi. Na leƙa ta tagar kicin na gan shi da tiyo.

"Ta ce ko ɗigo!"

"Ƙishi suke ji, ba kya gani?"

"Barci suke yi!"

"Mai barci ma yana tashi ya sha ruwa."

Safe da yamma, wata uku. Ga ruwan sama na Yuli da ake yi kamar da bakin ƙwarya, ga na Injiniya a kai. Da kaka ya tona don ya duba lafiyarsu, wani wari ya taso har kicin. Goma sha ɗaya ya tsamo masu rai, sauran sun narke.

Duk sati biyu mukan je Wheaton gaishe da Mama Olive, in kai mata farfesun kaza da ba yaji. Duk zuwan da muka yi a Maris sai ta tambaya, "Sun fito?" Sai Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce suna nan suna ƙoƙari. Ni kuma in kama gyara mata filo da ba abin da ya same shi.

Shekara ta biyu ya yarda ya binne su a Oktoba, bayan na yi masa magana har muryata ta dushe. Amma a fangalin dai, da takin dai. Suka fito da ganye a Fabrairu, sun galabaita, ba fure. Zafi ya zo, ganye ya kwanta, Injiniya ya ɗauko tiyo. Na ɓoye tiyon a bayan motata, ya koma bokiti. Na ɓoye bokitin, na kama shi da butar alwala. Mutumin da yake da digiri biyu a kan yadda ruwa ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa! Na ce masa ya buɗe waya ya karanta, ai ba sirri ba ne. Ya ce masu rubutun ba su taɓa noman rani ba. Da kaka aka tona, huɗu suka rage.

A zuwanmu na gaba Mama Olive ba ta tambaya ko sun fito ba. Ta rame, idonta ya fara hazo. Ta kamo hannunsa ta ce, "Munzali, shekarata tamanin da takwas. Ba ni da Fabrairu da yawa a gaba."

A mota na ce, "Ka ga, ana sayar da irinsu a tukunya, sun riga sun yi fure. Mu saya mu kai mata, hankalinta ya kwanta. Ina za ta gane?"

Ya juyo ya kalle ni kamar na ce mu yi sata. "Amana ta ba ni. 'Ya'yan Gregory ta ce in kawo mata, ba 'ya'yan kanti ba. Ni ba zan yi wa tsohuwa ƙarya ba."

Gaskiyarsa ce. Amma raina ya ɓaci iyaka. Ba zai yi mata ƙarya ba, sai dai ya kashe mata su ɗaya bayan ɗaya da zuciya ɗaya.

Ni da lambu bai dame ni ba, ni na je na sayo babbar tukunyar ƙasa mai huji a gindi, da buhun yashi da na tsakuwa. Na dire a gabansa na ce ko ya sa su a nan, ko in kwashe su in kai wa wani. Ya yi ta gunaguni, wai ko akuya ba za a ajiye a kan tsakuwa ba, amma ya sa. A Fabrairu huɗun duk suka fito da ganye kore shar, mai ƙarfi. Ba fure, amma da alamar rai. Na dinga kallon kalanda, don na san Yuni na zuwa, kuma na san mijina.

Farkon Yuni aka bugo daga Kura, wansa Yaya Ɗanliti ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Injiniya ya ɗauki hutun wata uku a wurin aiki. Kafin ya tafi ya haɗa wa lambunsa na'urar da take ba da ruwa da kanta. Tukunyar Mama Olive kuwa ya ce ba zai bar wa inji ba. Ya rubuta jadawali ya manna a jikin firji, kofi biyu da safe, kofi biyu da yamma. Ya sa na maimaita masa kamar 'yar firamare.

Zan faɗi gaskiya yadda take. Satin farko mantawa na yi, aiki ya sha kaina. Rannan na dawo a gajiye na yi tuntuɓe da tukunyar a bakin ƙofa, babban yatsana ya fashe. Don haushi na tura ta da ƙafa har jikin bangon gareji, ƙarƙashin rufi, inda ko feshin ruwan sama ba ya kaiwa. Da yamma Injiniya ya kira.

"Kin ba su ruwa?"

Na kalli yatsana na ce, "Na ba su."

Sati na biyu haushin ne bai huce ba. A na uku na ciko kofi na je, na tsaya a kan tukunyar. Ƙasar ta bushe ƙamas, ganyen ya zama tsinke. Sai maganar Mama Olive ta dawo min, ko ɗigo. Na juye ruwan a kan yakuwa na koma ciki. Daga ranar da gangan nake yi. Kullum sai ya kira, kafin ya tambayi lafiyata sai ya tambayi albasa, kullum in ce na ba su, in na idar da sallah in yi istigfari. Wata uku ina yi wa mijina ƙarya, ni da ko kuɗin cefane ban taɓa ɓoye masa ba. Kuma ban san ko suna raye ba. Wata rana sai tsoro ya kama ni, in ce shi ke nan, shi ya kashe talatin da shida, ni na ƙarasa huɗun.

Ranar da zai sauka a Satumba na jawo tukunyar mazauninta, na zuba mata kofi biyu, na farko tun tafiyarsa. Ko jakarsa bai shigar ba ya duƙa ya tsoma yatsa. Ya ji danshi, ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Na ce amin, ban iya kallonsa ba.

Ran ashirin da uku ga Fabrairu, da safe, ina haɗa shayi na ji ihu a waje. "Sadiyya! Sadiyya!" Na fito da silifas cikin sanyin nan, na ɗauka faɗuwa ya yi. Yana durƙushe a gaban tukunya, ga raɓar ƙanƙara a kan tsakuwa, ga fure uku sun buɗe, shuɗi shar, da ɗan zanen nan na ɗorawa. Babban mutum da furfura a gemu, hawaye yake yi. Ni ma dai na yi, ba zan ɓoye ba.

Ranar ko aiki bai je ba. Na rungume tukunyar a cinyata, ya tuƙa mu Wheaton a hankali, motoci na ta yi mana ham a baya. Muka tarar da Mama Olive a keken guragu bakin taga. Ya ɗora mata tukunyar a kan ɗan teburinta. Ta kusanto da fuskarta sosai saboda idon, ta shafa leɓen furen da bayan yatsa, ta shinshina. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce a hankali, "Sannunku da zuwa." Ba da mu take ba.

Da ta share ido ta ce, "Yaya ka yi, Munzali?"

Nan fa Injiniya ya gyara tsayuwa, ya gyara hula. "Mama, ruwa ne. Da ma ban gano adadin ba ne. Kofi biyu safe, kofi biyu yamma, duk tsawon zafi. Na bar wa matata jadawali, ba ta tsallake ko rana ɗaya ba. Bana tunda ina nan da kaina, uku-uku zan ba su."

Uku-uku! Na ji kamar in ɗora hannu a ka.

Mama Olive ta ɗago ta kalle shi, sannan ta juyo da idon nan mai hazo wajena. Ta ce, "Shekara hamsin na zauna da furen nan. Da an ba su ruwan da ka faɗa, da yau tukunyar laka ka kawo min. Wani ya yi maka ƙarya, Munzali. Ka nemo shi ka yi masa godiya."

Ina iya yin shiru, in bar shi ya ce tsufa ne yake damunta. Amma na hango Yuni, na hango kofi uku-uku. Na ce da Hausa, don kada in tona shi a gaban mutane:

"Abban Tayyiba, ban ba su ba. Ko sau ɗaya, sai ranar da ka dawo. Ka yafe min ƙaryar, amma ruwan kam ban yi nadamar hana su ba."

Ya yi wa Mama Olive sallama da ladabi, muka bar mata tukunyar ta yi sati biyunta da ita. Muka shiga mota muka hau babban titi. Na shirya faɗa, na tanadi amsoshina tsaf. Sai da muka kusa gida ya yi magana, idonsa a kan hanya.

"Shekarar da na shiga jami'a a Zariya, Baba yana fama da ƙafa, Yaya yana Legas. Ni ne mai ban ruwa. Aka ba mu hutu, na ce bari in ƙara kwana goma wurin abokai. Da na dawo na tarar da fangali tamanin sun tsattsage, lawashi duk a kwance. Albasar shekara guda. Baba yana zaune a bakin gonar. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, ka ci abinci kuwa?" Sannan ya ce, "In na ga ganye ya kwanta a kan busasshiyar ƙasa, shi nake gani a zaune."

Shekara ashirin da shida muna kwana ɗaki ɗaya, ban taɓa jin wannan ba. Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya ƙaru. Na ce, "Haba, bawan Allah! Da ka faɗa tun farko, ai da ba mu yi asarar talatin da shida ba." Ya ce shi ma bai san zai faɗa ba.

Da furen ya zube muka ɗauko tukunyar. Mama Olive ta ce baɗi huɗu take so ta gani, kuma ta ce da ni in sa wa Injiniya ido. Na cire jadawalin daga jikin firji. Da kansa ya kai tukunyar jikin bangon gareji, ƙarƙashin rufi.

Yanzu Yuni ne. Ganyen ya yi rawaya ya kwanta, ƙasar ta bushe har ta ja da baya daga bakin tukunyar. Jiya da la'asar ina wanke shinkafa na hango shi ta taga. Ya gama alwala a bayan gida, da sauran ruwa a buta, sai ga shi ƙafarsa ta kai shi bangon gareji. Ya tsaya a kan tukunyar. Na tsame hannuna, na kama marfin taga, na buɗe baki zan yi masa tsawa, sai na fasa. Ya duƙa ya tsoma yatsa. Ya daɗe a duƙe, butar tana hannunsa, har bakinta ya karkata.

Sannan ya miƙe, ya ja da baya taku biyu, ya juye ruwan a kan ƙafafunsa da ya riga ya wanke.